Ku Tambayi Likita: Matata tana komawa ƙaramar yarinya, in ta dawo ba ta tuna komai

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata sun karkata ga larura ɗaya, wadda a gidajenmu aka fi kai wa wurin masu ruƙiyya kafin a tuna da asibiti. Likitan ƙwaƙwalwa da masaniyar halayyar ɗan Adam na wannan fili ne suka haɗu suka amsa. Mun sakaya sunayen masu tambaya, mun kuma taƙaita wasiƙun.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekararmu huɗu da aure. Matata mace ce mai natsuwa, amma wani lokaci sai muryarta ta sirance kamar ta 'yar shekara shida, ta raɓe bayan ƙofa tana roƙon kar a dake ta. Wani lokaci kuma ta yi zafi, ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ce sunan da na kira ba nata ba ne. In ta dawo daidai ba ta tuna komai. Ta taɓa tsintar atamfa biyu a akwatinta ta rantse ba ita ta saya ba, mai shago kuwa ya ce ita ce ta zo da ƙafarta. Mene ne wannan?
Wani magidanci daga Funtua

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya saka maka da haƙurin da kake yi. Ba a gane cuta ta wasiƙa, sai likita ya zauna da ita, kuma sau da yawa zama ɗaya ba ya isa. Amma abubuwa ukun da ka kawo, sauyawar murya da hali, musun suna, da giɓin da take samu a tunawa, su ne ginshiƙan wata larura da likitoci ke taƙaita sunanta da DID. Mu a nan za mu kira ta larurar rarrabuwar kai. Da can ana ce mata cutar mutane da yawa a jiki ɗaya, har zuwa 1994 da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sauya sunan a kundinta na cututtukan ƙwaƙwalwa, domin tsohon yana ɓatar da mutane. Babu mutane da yawa a jikin matarka. Ita kaɗai ce, sai dai sassan kanta ba su haɗu wuri guda ba.

Ba a haihuwar jariri da sanin ko shi wane ne. Yana da yanayin yunwa, yanayin tsoro, yanayin wasa, kuma kulawar uwa da kwanciyar hankalin gida su ke ɗinke waɗannan sannu a hankali, har zuwa wajen shekara 6 zuwa 9 ya zama yaro guda mai tunawa guda. To idan a shekarun nan ana azabtar da yaro a kai a kai, da duka mai tsanani, ko fyaɗe, ko kulle, ko horon yunwa, kuma babu wanda zai ruga wurinsa, musamman in mai cutar da shi shi ne mai ciyar da shi, dabara ɗaya ce ta rage wa ƙwaƙwalwa. Jiki ba zai iya gudu ba, sai hankali ya gudu. Wani sashe ya ɗauki azabar ya riƙe, wani sashe ya tashi da safe ya tafi makaranta ko talla kamar ba abin da ya faru. Ɗinkin ya tsaya ke nan. Kundin na Amurka, bugun 2013, ya ce kusan kashi 90 cikin ɗari na masu larurar da aka gani a asibitocin Amurka da Kanada da Turai sun ba da labarin cin zarafi ko wofintarwa tun suna ƙanana.

In dai wannan ce larurar matarka, yarinyar da ke bayan ƙofa ita ce sashen da ya riƙe tsoro, kuma a wurinta waccan shekarar ba ta wuce ba. Mai zafin kuwa yawanci mai gadi ce, aikinta ta kori duk wanda ya matso kafin ya cutar. Ba ƙinka take yi ba.

Kowa yana ɗanɗana ɗan kaɗan daga wannan ɓallewar hankali. Direba zai taso daga Zariya ya tsinci kansa a Kwanar Dangora bai tuna yadda ya ci hanyar ba. Abin ya zama larura ne idan giɓin ya yi faɗi, yana maimaituwa, yana haɗiye abubuwan da mantuwa ta yau da kullum ba ta haɗiyewa, kamar zuwa kasuwa ko ranar sunan ɗanta.

Kafin ku je asibiti, ka sami littafi ka rubuta na sati biyu zuwa huɗu: rana da lokaci, abin da ya faru daf da sauyawar (ƙarar buga ƙofa, ƙamshin wani turare, zuwan wani baƙo, ɗaga murya), minti nawa ko awa nawa abin ya ɗauka, yadda ta dawo, da awa nawa ta yi barci daren jiya. Wannan littafi ya fi wa likita amfani a kan dogon labari. Kar ka ɗauke ta a bidiyo sai da izininta lokacin da take cikin hayyacinta. Kar ka tsare ta da tambayar me aka yi mata tana yarinya. In kuma sauyawar ta zo lokacin da kuke keɓewa irin na ma'aurata, ka dakata nan take, ka rufa mata jiki, ka kunna fitila. Ci gaba a wannan hali maimaita mata abin da ya fasa ta ne tun farko.

Tambaya: Likita, 'yata shekararta 19. Malamai uku sun yi mata ruƙiyya, aljanin ya yi magana, ya faɗi sunansa, ya yi alkawarin fita, bayan sati biyu ya dawo. Na ƙarshen ya yi mata bulala, ya rufe ta a ɗaki da hayaƙi. Tun ranar ba ta cin abinci sosai, ba ta magana. Kai ta asibiti ba rashin tawakkali ba ne?
Wata uwa daga Haɗeja

Amsa: Hajiya, sannu da jinya. Ki kai ta a cikin satin nan, in kuma ta kwana ta wuni ba ta sha ruwa ba, yau. Neman magani umarnin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Maganar samuwar aljanu ta malamai ce, ba za mu shiga huruminsu ba. Abin da muka sani a namu fannin shi ne, ilimin likitanci ya san wannan siffa ta shiga. Kundin Amurka na 2013 ya ce larurar rarrabuwar kai tana iya bayyana kamar wani ne daga waje ya hau mutum, kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022 ma ya ware wa wannan yanayi babi. Dukansu sun bambanta abin da mutum ke shiga da ganin damarsa a taron al'ada, irin hawan bori, ya sauka in an tashi, da wanda ke afka masa ba ya so, yana wahalar da shi. Na biyun shi ne larura. Mutum yana bayyana abin da ke cikinsa ne da kalmomin garinsu. Yarinya a Landan za ta ce akwai wata a cikina, ta Haɗeja za ta ce aljani. Kuma hankalin da ya riga ya ɓalle yana da saurin karɓar abin da aka cusa masa: in aka tsare shi da "wane ne kai, me ya kawo ka", ana tsawa, ana duka, zai samo suna ya bayar don a ƙyale shi. Yin magana kaɗai ba ya tabbatar da mai maganar.

Bulalar nan a jikin 'yarki take sauka, ba a jikin kowa ba. In larurarta daga duka ta samo asali, to an ƙara mata abin da ya jawo cutar da sunan magani, shi ya sa ta ƙara nutsewa. Hayaƙi a rufaffen ɗaki kuwa haɗari ne na rai: garwashin gawayi yana fitar da iskar guba marar wari da ke sumar da mutum, barkono da turare mai ƙarfi suna tayar da asma. Suman da ake ɗauka fitar aljani ne, wani lokacin ƙarancin iska ne a ƙwaƙwalwa.

A cikin Bukhari da Muslim akwai hadisin matar da ke faɗuwa, tufafinta suna yayewa. Ta zaɓi haƙuri a kan ciwon, amma ta roƙi Annabi ya yi mata addu'a kar ta riƙa yayewa, ya kuwa yi mata. Suturta marar lafiya da kare mutuncinta ke nan tun daga tushe. Addu'a da asibiti ba sa karo. In za a yi ruƙiyya, a yi ta da karatu kawai, kina zaune a wurin, ba taɓawa, ba duka, ba hayaƙi, ba taron 'yan kallo, ba cewa a daina shan maganin likita, kuma in ta ce a tsaya a tsaya. Mafi alheri ma ta riƙa karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu da bakinta, domin abin da ta yi da kanta yana dawo mata da ikon da aka ƙwace.

Abu ɗaya mai nauyi. Ki keɓe da ita ki tambaye ta kai tsaye, cikin taushi, ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sauƙi take kawowa. Kundin Amurka da muka ambata ya ce fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu wannan larura da ke zuwa asibiti sun taɓa yunƙurin hakan. Ki fitar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da maganin feshin gona daga gidan, ki kulle ƙwayoyi a akwati, mabuɗi a hannunki.

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar lafiya ce a wata ƙaramar cibiya a karkarar Azare. Ana kawo mana mata masu faɗuwa da masu jin muryoyi, abin da muke da shi kuma allurar Largactil ce ta kwantar da mai taɓin hankali, da diazepam mai sa barci. Yaya zan bambanta wannan larura da farfaɗiya ko ciwon taɓin hankalin da ake kira sikizofireniya?

Amsa: Sannu da aiki, Sista. Ki fara da jiki kafin ki je ga hankali. Ki auna zafin jiki, hawan jini da sukari, ki yi gwajin maleriya da na ciki. Sukarin da ya sauka ƙasa da 3.9, ko 70 a ɗaya ma'aunin, yana ruɗar da mutum har ya yi faɗa. Ruɗewa tare da zazzaɓi ko sandarewar wuya maleriyar ƙwaƙwalwa ce ko sanƙarau har sai an tabbatar ba su ba ne, wannan turawa ce ta gaggawa. Mai ciki ko mai jego da ke jijjiga da hawan jini, jijjigar masu ciki ce. Mai jegon da ta rikice a sati biyun farko bayan haihuwa, ba ta barci, tana zargin mutane, ita ma a tura ta ranar, kar a bar ta ita kaɗai da jariri. Sannan ki tambayi tiramol da kodin da wiwi ba tare da nuna ƙyama ba. Tiramol shi kansa yana jawo jijjiga.

Farfaɗiyar da ke tasowa daga gefen ƙwaƙwalwa ita ta fi ruɗarwa, domin ba lallai mutum ya faɗi ba. Gajera ce, daƙiƙa 30 zuwa minti biyu ko uku, kuma kullum iri ɗaya: jin wani wari, ko wani abu yana tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro, sai ƙura ido, tauna baki, shafa tufa, daga baya ruɗewa da barci. Cizon gefen harshe alama ce mai ƙarfi. Mai rarrabuwar kai kuwa tana iya yin awanni ko kwanaki a wani sashe, ta yi girki, ta yi ciniki, ta yi hira mai ma'ana. Gwajin EEG, mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, guda ɗaya da ya fito lafiya ba ya wanke mutum daga farfaɗiya, kuma mutum ɗaya yana iya haɗa biyun.

Sikizofireniya takan fara ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa wajen 30. Ana ganin imani mai kafewa a kan abin da babu, kamar cewa rediyo da shi yake, zance marar haɗuwa, da barin wanka da mu'amala. Giɓin tunawa ba ya cikin siffofinta. Muryoyin rarrabuwar kai kuwa sau da yawa tun yarinta suka fara, akwai na yara a ciki, suna gardama da juna a kan mai su, kuma maganin sikizofireniya ba ya kashe su. Nan ne kuskure ke faruwa: a ga muryar ba ta tafi ba, a ƙara magani, a ƙara wani, har mace ta sandare tana dalalar da miyau, cutar tana nan. Bincike ya nuna masu larurar kan shafe shekara 5 zuwa 12 suna zagayen asibiti kafin a gano ta.

Ki fitar da 'yan rakiya, ki yi mata tambayoyi huɗu. Kina rasa wani lokaci ba ki san inda ya tafi ba? Kina tsintar kanki a wuri ba ki san yadda kika je ba? Ana ba ki labarin abin da kika yi ko kika faɗa ba ki tuna ba? Kina jin kamar kina kallon jikinki daga gefe? In ta amsa da e ga biyu ko fiye, kuma abin yana maimaituwa, ki rubuta a takardar turawa da kalmominta. A manyan asibitoci akwai ma'aunin DES mai tambaya 28, wanda Bernstein da Putnam suka fitar a 1986. Makin 30 zuwa sama yana nufin a zurfafa bincike, ba ya nufin an gano cuta.

Diazepam yana ƙara mantuwa da ɓallewar hankali, jiki kuma yana sabawa da shi cikin 'yan makonni, don haka ba maganin wannan larura ba ne. Largactil yana saukar da jini ya sa jiri. Mafi muni shi ne ƙarti huɗu su danne mace a yi mata allura, alhali wataƙila danniya ce asalin ciwonta. Ki rage mutane a ɗakin, ki zauna daidai da tsayinta, ki bar ƙofa a inda take ganinta, ki faɗi abin da za ki yi kafin ki taɓa ta. Yawancinsu suna lafawa a haka ba tare da allura ba.

Kar kuma ki tafi neman sassan. Kar ki ce "wa ke ciki kuma", kar ki raɗa musu suna. A Amurka, a shekarun 1980 da 1990, wasu masu jinya sun yi amfani da sa mutum barcin dabara da tambayoyi masu jan baki har marasa lafiya suka riƙa tuna abin da bai faru ba, aka yi ta shari'a. Har yau akwai masanan da ke ganin irin wannan cusawa tana da hannu a wasu daga cikin masu larurar. Ki saurari abin da ta kawo da kanta, kar ki ƙara mata.

Tambaya: Yayata ce ke da wannan larura, ni ke zaune da ita. In abin ya taso me zan yi a lokacin?
Wata ƙanwa daga Maraɗi

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya bar zumunci. Ki fara da sallamar 'yan kallo, ki kawar da wuƙa, wuta da tafasasshen ruwa, ki gyara mata zane. Ki tsaya ko ki zauna a inda take ganinki, tazarar taku biyu, kar ki zo ta bayanta, kar ki riƙe ta. Ki sassauta murya ki faɗi gajerun jimloli, kina maimaitawa: ni ce ƙanwarki, muna gida a Maraɗi, yau Talata, shekara kaza, ke babba ce yanzu, babu mai taɓa ki. Sashen da ya fito bai san shekarar da ake ciki ba, wannan labari ne sabo a wurinsa.

Daga nan ki jawo hankalinta ta gaɓoɓi. Ta buɗe ido, domin rufe shi yana ƙara nutsar da ita. Ta taka ƙasa da tafin ƙafa babu takalmi. Ki miƙa mata kofin ruwan randa ta riƙe da hannu biyu, ko ta shinshina citta ko ɓawon lemo. Ki ce ta lissafa abu biyar da take gani, huɗu da take taɓawa, uku da take ji a kunne. Ku yi numfashi tare, a ja ana ƙirga huɗu, a saki ana ƙirga shida, sau goma. Watsa mata ruwa ba zato, mari, jijjiga kafaɗa da ihun sunanta duk suna ƙara firgici.

In da muryar yarinya take magana, ki amsa da tausayi kamar yadda za ki amsa wa yaron da ya tsorata, amma kar ki mai da abin wasa, kar ki yi ta jan hirar. In mai zafin ce, kar ki yi musu da ita, ki ce kin san tsaron yayarki take yi, ke ma shi kike so. Bayan ta dawo za ta gaji, kanta zai yi ciwo, za ta ji kunya. Ki gaya mata abin da ya faru a taƙaice, awa nawa, me ta yi, ba tare da kwaikwayon muryar ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya: ku zauna ranar da take lafiya ku rubuta abin da ke taimaka mata, wanda za a kira, da asibitin da za a je. A tafi asibiti nan take in jijjiga ta wuce minti biyar, in ta ji rauni, in ta sha wani abu, in akwai zazzaɓi, ko in ta ambaci mutuwa.

Tambaya: Likita, an tabbatar min ina da wannan larura. Zan warke? Shekara nawa? Kuma akwai mai nemana da aure, in gaya masa?
Wata baiwar Allah daga Kaduna

Amsa: 'Yar'uwa, ana samun sauƙi sosai, kuma gano sunan ciwon da kika yi babban mataki ne. Babu ƙwayar da ke haɗa sassa. Maganin zama ne da ƙwararre ana magana, aƙalla sau ɗaya a sati, minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma da shekaru ake lissafa shi, ba da watanni ba. Tsarin mataki uku ne, tushensa tun daga likitan Faransa Pierre Janet a ƙarshen ƙarni na 19, kuma shi ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya ta tabbatar a ƙa'idojinta na 2011.

Matakin farko tsaro ne da daidaituwa, shi ya fi tsawo, shi ya fi muhimmanci. A raba ki da duk mai cutar da ke in har yanzu yana kusa. A gyara barci ya koma awa bakwai zuwa takwas a lokaci ɗaya kullum. Ki koyi dabarun dawo da hankali har su zame miki jiki. Sannan sassan su fara sanin juna: littafi ɗaya a gida wanda kowane sashe zai iya rubutu a ciki, da yarjejeniya cewa babu mai cutar da jiki, babu mai fita da dare, babu mai kashe kuɗi sama da kaza. Ba a korar kowane sashe, har wanda ke zagin ki, domin kowanne wani aiki ya ɗauka lokacin da babu mai taimako. Ƙoƙarin kore shi yana ƙara masa ƙarfi ne.

Mataki na biyu shi ne taɓa abin da ya faru, kaɗan-kaɗan, a zaman da aka shirya, a bar sulusin ƙarshe na lokacin don ki dawo daidai kafin ki hau titi. In aka yi gaggawar shiga nan, barci yana lalacewa, yankan jiki da tunanin mutuwa suna ƙaruwa. Duk mai jinyar da ya ce ki zazzage masa komai a zaman farko, ki ce a'a. Wasu ma a matakin farko suke tsayawa, su yi rayuwa mai kyau. Na uku shi ne koyon zama da mutane, aiki da iyali ba tare da ɓallewa ba. Wasu sassansu suna narkewa su zama ɗaya, wasu suna zama da sassan cikin haɗin kai babu giɓi. Duka biyun nasara ce.

Ƙwayoyi na abokan tafiyar larurar ne. Irin su fluoxetine da sertraline suna rage baƙin ciki da fargaba, amma sai sati huɗu zuwa shida ake ganin aikinsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Amitriptyline tana da araha, sai dai yawanta yana tsayar da zuciya, don haka mai tunanin mutuwa kar a ba ta fiye da na sati ɗaya a hannu. Tun da wani sashe yana iya sake shan abin da kika riga kika sha, ki sami akwatin magani mai gidan kwana bakwai, ko wani amintacce ya riƙa miƙa miki.

Mai neman aure ya cancanci ya sani kafin a ɗaura, domin shi zai kwana da ke a ɗaki. Amma larurar za ki gaya masa da abin da take bukata, tarihin abin da aka yi miki naki ne, ba dole ba ne. Ki bari magana ta yi nisa, ki tafi da shi wurin likitanki a yi masa bayani. Larurar ba ta bin jini kamar sikila. Abin da ke kare 'ya'yanki shi ne gida marar duka da uwa mai samun kulawa.

Tambaya: Masu wannan cuta ba su da haɗari? Kuma ba ƙarya wasu ke yi don su tsere wa laifi ba?
Wani ɗalibi daga Sakkwato

Amsa: Haɗarinsu a kan kansu yake, kuma sun fi zama waɗanda ake cutarwa. Masu ƙirƙira akwai su, an fi samunsu a gaban kotu, sukan yi ta nuna abin da zumuɗi. Mai larurar gaske ɓoyewa take yi, tana jin kunya, tana ƙirƙiro uzuri don rufe giɓin. A wurin jinya ƙa'ida ita ce mutum ɗaya ne, yana ɗaukar nauyin abin da kowane sashensa ya aikata.

Tambaya: Ina za mu kai ƙanena? Mun taɓa kai shi wani gidan mari aka sa masa sarƙa wata uku, ya dawo ya fi da lalacewa.
Wani ɗan kasuwa daga Gusau

Amsa: Alhaji, kar a sake mai da shi. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba marar lafiya kariya daga azabtarwa, har da ɗauri da sarƙa, ta kuma ba shi haƙƙin a rufa masa asiri.

Daga Gusau, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato ya fi kusa. Akwai irinsa a Barnawa ta Kaduna da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen ƙwaƙwalwa. Likitocin wannan fanni a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, don haka layi yana da tsawo, ku yi sammako. Ku tafi da duk kwalayen maganin da ya taɓa sha, har na gargajiya, da littafin da aka rubuta yanayinsa, da mutum ɗaya da ya san shi tun yana yaro. Ku faɗa wa likita maganar giɓin tunawa da bakinku, kar ku jira a tambaya, ku kuma nemi a haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam na asibitin, ku roƙi mutum ɗaya ya riƙa ganinsa a kowane zuwa. A duba ƙafafunsa da wuyan hannunsa, domin sarƙar wata uku tana barin gyambo da lalacewar jijiya. Ka gaya masa inda za ku je da abin da za a yi tun daren tafiya, kar a yaudare shi da cewa unguwa za a je, kuma a bar shi ya shiga wurin likita shi kaɗai na ɗan lokaci.